Ni ma sai da na karye a banɗaki na yi wannan tambayar

Wa alaikumus salam. Hajiya, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta shekara uku baya. Kin ce likita ya ba ki shawarar yoga saboda tangaɗin da kike yi in kin miƙe, an kuma ce miki bautar 'yan Hindu ce, kina son sanin gaskiya da kuma ko tsayuwa da ƙafa ɗaya tana da amfani.

Ni da asuba abin ya same ni. Na ɗaga ƙafar dama zan wanke a alwala, sai kawai na ji ni a ƙasa, tsintsiyar hannuna ta yi ƙas. Ga ƙofa na sa mata sakata ta ciki. Ina kwance a kan tayil mai sanyi, zani ya jiƙe sharkaf, ina kiran yara ba wanda ya ji. Ina ji aka tayar da salla a masallacin layinmu, ina ji aka sallame, ina nan. Autana ne ya ɓalle ƙofar. Wallahi zafin karayar bai kai kunyar yadda ya tarar da ni ba. Bayan an cire min filasta na fi wata huɗu ina bin bango kamar mai koyon tafiya, ko matakala biyu na gani sai gabana ya faɗi.

A haka aka kai ni wani wurin motsa jiki na mata da ake koyar da yoga. Tun ranar farko na tambayi mai koyarwar ido da ido, akwai addini a ciki? Ta ce babu, miƙa jijiyoyi ne kawai. Na biya kuɗin wata uku. A sati na uku sai ga shi an ce mu haɗa tafin hannu a ƙirji mu ja "Om", wata kalmar ambato ta 'yan Hindu, sannan mu yi wani jerin sunkuyo da ta kira Surya Namaskar. Na kira 'yata da ta yi karatu a Indiya, ta ce Umma, Surya ai rana ce, kuma abin bauta ne a wurinsu, sunan yana nufin gaisuwa ga rana. Da na koma na yi wa matar magana dariya ta yi, ta ce ƙauyanci ke damuna, kuɗina kuma ko sisi ba ta mayar ba. Wanda ya fi min ciwo faccalata ce. Ni da bakina na ba ta labari don na ɗauke ta 'yar'uwa, ita kuwa ta je gidan biki tana cewa na fara yi wa rana sujada. Har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To Hajiya, kada wani ya rufe ki, asalin abin nasu ne. Kalmar yoga daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, tushenta haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanu biyu a huɗa. Tsohon littafin wani malaminsu mai suna Patanjali ya kasa yoga gida takwas, zama da tsayuwar jiki ɗaya ne kawai a ciki, na uku, kuma manufar duka natsar da zuciya ce don neman tsira irin ta aƙidarsu. Har sunayen tsayuwar ƙafa ɗayan: Natarajasana daga sunan abin bautarsu Shiba yake a siffar mai rawa, Garudasana kuma tsuntsun da suka ce Bishnu, wani abin bautar nasu, yana hawa. Wadda nake yi, Birikshasana, ma'anarta bishiya kawai. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a 2008, ta Indonesiya a 2009 ta hana mai ɗauke da ambato da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni ba malama ba ce. Na kai wa malaminmu na Islamiyya, na nuna masa abin da nake yi, ke ma ki kai wa naki.

Amfanin kuwa na gan shi a jikina. Likitar gashin ƙashi ta ce min abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu masu sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Girma yana rage su, ciwon suga yana kashe jin tafin ƙafa, amma atisaye yana farfaɗo da wani abu, ga ƙarfin ƙugu da cinya. Akwai binciken da aka yi a Barazil, aka buga a 2022, kan mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75: waɗanda suka kasa tsayuwar daƙiƙa 10 da ƙafa ɗaya sun fi saura yawan mutuwa a shekarun da aka bi su. Ba wai tsayuwar ke ƙara kwana ba, rai na Allah ne, alama ce dai ta yadda jiki yake. Ni da na fara, daƙiƙa 3 nake yi in faɗa wa bango. Yanzu ina kai 30 a dama, hagun har yau rigima muke.

Ki tsaya kusa da bango, ba takalmi, ba safa. Ki kafa ido a wuri ɗaya. Ki ɗora tafin ƙafa a idon sawun ɗayar ko a ƙwauri, kada ki danna shi a gwiwa. Ni ina yi ne ina jiran ruwan shayi ya tafasa, ba na haɗa hannu, ba na furta komai sai istigfari. Amma in jiri ne na gaske, ɗaki yana juya miki, a fara auna jininki da suga, a duba kunne, don wani maganin hawan jinin ma yana sa jiri in an miƙe da sauri.

Kuma don Allah wane irin tayil ne a banɗakinki? In mai sheƙi ne ki sayi shimfiɗar roba yau ɗin nan, ki sa kujera 'yar tsuguno ki riƙa alwala a zaune. Sakatar nan ma ki daina sawa da asuba.