Filin Tambaya da Amsa: Wane Ne Ya Fara Gina Gidan Leda, Kuma Zai Amfani Manomin Kura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin tumatir ne a wani ƙauye da ke yankin Kura, kuma na fi shekara ashirin ina noman rani. Ɗana da ke karatun aikin gona ya faɗa mini cewa rumfunan ledar nan da muke gani a wasu manyan gonaki, wani farfesa ne ya ƙirƙiro su saboda ba shi da kuɗin gina na gilashi. Ina neman tarihin mutumin nan, sannan a ba ni shawara ko in sayar da bijimaina biyu in gina irin wannan rumfa, domin in riƙa samun tumatir a lokacin da yake tsada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka bai yi kuskure ba, Allah ya yi masa albarka. Sunan mutumin Emery Emmert, Ba'amurke ne da aka haifa a 1900, ya rasu a 1962, kuma ya shafe yawancin shekarun aikinsa yana koyarwa da bincike a fannin noman lambu a Jami'ar Kentucky da ke birnin Lexington. Kafin a san shi da leda, ya daɗe yana aiki a kan yadda za a gwada ruwan jikin shuka cikin gaggawa a gane irin takin da take bukata, kuma tumatir na cikin abubuwan da ya fi yin gwaji a kansu. Saboda haka sana'arku ɗaya da shi, sai dai shi ya haɗa da alli da allo.

A zamaninsa, duk mai son noman kayan lambu cikin sanyin ƙasarsu, inda ƙanƙara ke kashe shuka, dole ne ya gina ɗakin gilashi, wanda tsadarsa ta sa ya zama na masu hali. A 1948 Emmert ya haɗa rumfa da katako ya lulluɓe ta da wata leda mai haske, daga baya ya koma amfani da irin ledar da aka gano a Ingila a 1933, wadda ita ce dangin ledar da muke zuba kaya a ciki yau. Bai tsaya nan ba, ya gwada shimfiɗa leda a kan kunya don ta riƙe danshi ta danne ciyawa, ya kuma gwada 'yan ƙananan rumfuna masu lulluɓe layin shuka guda. Ledar farko ba ta jure rana, takan yage cikin shekara ɗaya, amma araharta ta sa manoma suka rungume ta, shi ya sa har yau ake kiransa uban gidan leda. Bayan rasuwarsa abin ya bazu ƙwarai, har yankin Almeriya na ƙasar Sifaniya ya lulluɓe kimanin hekta 30,000 da irin waɗannan rumfuna yana ciyar da kasuwannin Turai.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar wannan malami shi ne yadda ya fara da duban matsalar ƙaramin manomin da ke kusa da shi, sannan ya nemi mafita daidai aljihunsa. To, a nan ne nake roƙonka ka dakata da maganar bijimai. Matsalar da Emmert ya magance ita ce sanyi, rumfarsa kuwa an yi ta ne don ta tara zafin rana ta riƙe shi. Kai kuma a Kura hunturu abokinka ne, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu tumatir na yin kyau a fili da ruwan madatsar Tiga ba tare da wata rumfa ba, kuma a lokacin ne kwanduna ke cika kasuwar Kwanar Gafan har farashi ya faɗi warwas. Abokan gabarka uku ne: zafin bazara, ruwan damina, da ƙwari.

Na taɓa shiga wata rumfar leda a wata gona a watan Afrilu da misalin ƙarfe ɗaya na rana. An rufe ta ruf daga sama har ƙasa kamar yadda ake yi a ƙasashen sanyi, kuma ban yi minti biyar a ciki ba rigata ta jiƙe sharkaf. Tumatirin ya yi tsawo ya wuce kafaɗata, ganyensa kore shar, amma da na sunkuya sai na ga furanni rawaya sun zube a ƙasa kamar an watsa su, reshe bayan reshe babu ɗa ko ɗaya. Mai gonar ya zuba taki da magani yadda ya kamata, laifinsa kawai shi ne ya kwafo ginin da aka tsara don wata ƙasa. Tumatir na fara kakkaɓe fure idan zafin rana ya haura wajen digiri 32 zuwa 35, alhali a Kano zafin bazara kan kai 40 a waje, balle a cikin rufaffiyar leda.

Rumfar da ta dace da mu ita ce mai tsayi, leda a rufin kawai don tare ruwan sama, gefunanta kuma raga ce mai ƙananan idanu, da kafa a ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fita. Amfaninta na fitowa ne da damina, lokacin da ruwa ke dukan ganye yana yaɗa cututtuka kuma tumatir ke tsada, sannan tana rage ɓarnar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ba ka manta yadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 ba. Sai dai tana da sharuɗɗa. Ƙofa biyu ake yi mata, a rufe ta farko kafin a buɗe ta biyu, kuma duk ɓular da aka bari a raga ta rushe aikin gaba ɗaya. Da yake iska ba ta kaɗa shuka sosai a ciki, sai an riƙa girgiza igiyoyin da aka ɗaure tumatirin da su kowace hantsi don furen ya ɗauka. Ban ruwan ma na ɗigo ne, ba malale irin na fangali ba, kuma ledar rufin, ko da mai jure rana ce, takan bukaci canji bayan shekara uku ko huɗu.

Shawarata ita ce ka bar bijimanka a turke a bana. Ka fara da ƙaramar rumfar renon iri, mai faɗin ɗaki guda, da gora ko azara da raga mai kyau, ka reni yabanyarka a ciki mako uku zuwa huɗu kafin dashe, ka ware wani ɓangare da ka rena a fili don ka kwatanta da idonka. Ka rubuta abin da ka kashe da abin da ka samu, ɗanka zai iya riƙe maka littafin. Kafin ka faɗaɗa, ka je reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda, wanda ba shi da nisa da kai, ko Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ka nemi a nuna maka irin tumatirin da ke jure zafi da kuma tsarin rumfar da ya dace.

Tambaya: Malam, ni uwar gida ce a yankin Auyo ta Jihar Jigawa. Ina shuka alayyafo da tattasai da tumatir a bayan ɗaki, amma farin ƙuda na nannaɗe mini ganye. Shin tsohon gidan sauro zai wadatar?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara albarka a hannunki. Gidan sauro zai kare miki lambu daga kaji da tsuntsaye da fara, amma idanunsa sun yi wa farin ƙuda faɗi, zai ratsa ya shiga, kuma shi ne ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen. Wanda ake rabawa a asibiti kuwa yana ɗauke da maganin sauro, an yi shi ne don kare ki da yaranki, kada ki cire shi daga kan gado saboda lambu. Ki nemi ragar ƙwari a wurin masu sayar da kayan noma, yadi kaɗan ya ishe ki, ki lulluɓe bedin tun ranar da kika yafa iri, ki binne bakin ragar da ƙasa ta kowane gefe. Duk shukar da ta riga ta nannaɗe ba ta warkewa, sai ki tuge ta ki binne nesa da sauran. A gindin waɗanda suka rage ki baza ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, domin zai riƙe miki danshi kamar yadda ledar kunya ke yi, kuma a zafin Hadeja ya fi baƙar leda sanyaya ƙasa.