Gari mai lambar yabon keke, amma an ɗora wa mai keke laifi

Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce mota ta buge shi a wani garin Amurka mai lambar yabon keke, amma ɗan sanda ya ɗora masa laifi.

Lambar ba ta auna wannan. Ƙungiyar League of American Bicyclists, mai ba da lambar, hanyoyin keke da tsare-tsaren gari take dubawa, kuma a 2020 ta cire aikin 'yan sanda daga ma'auninta.

Ku karɓi kwafin rahoton ɗan sandan, ku duba ko an rubuta bayanin ƙanenka. Sau da yawa direba kaɗai ake saurara, mai rauni kuwa yana asibiti. Kada ku gyara keken, kada ku yar da fasasshiyar hular kwanon, hujja ce. Ku ga lauya kafin ku amsa kiran kamfanin inshorar direban.