Kafin ki karɓi keken nan na hannu, ki taka birkinsa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Kin ce cikinki ya shiga wata takwas, kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin ƙaramin keken tura jariri mara nauyi da babban nan mai wurin kwanciya, kuma ga wata ta ce za ta sayar miki da nata, wai bai sha aiki ba. Maganar na hannun nan ce ta hana ni wucewa.

Ni ma na hannu na saya. Matar ta fito min da shi fes, an wanke yadin, tayoyi na ƙyalli, ta ce ɗanta ne ya ƙi zama a ciki. Na tura shi gaba da baya a falonta, yana tafiya sumul. Ban gwada birki ba, ban ƙirga madaurai ba. Rumfarsa da launinsa kawai nake kallo.

'Yata tana da wata biyar abin ya faru. Muna kan gangaren nan da ake yi a ƙofar gini saboda masu keken guragu, sai takalmin yayanta ya cire. Na taka birki, na ji ya yi ƙas, na saki keken na sunkuya. Ashe taya ɗaya kawai ya kama. Keken ya juya a kan tayar da ta tsaya, ɗayar ta zame daga bakin gangaren, ya kife ta gefe. Madaurin ƙugu kaɗai ke jikinta, don na kafaɗa babu su tun ranar da na saye shi, ni kuwa ban san ya kamata a ce akwai ba. Rabin jikinta ya fito, goshinta ya daki siminti. Wallahi abin da ban manta ba shi ne shirun da ta yi kafin kukan ya fito. Bai kai daƙiƙa uku ba, amma har yau idan na tuna sai hannuna ya yi sanyi. Na ɗauke ta jikina na rawa, goshin ya yi ƙulu nan take, ga yayanta na tsaye da takalmi ɗaya a hannu shi ma yana kuka. A asibiti suka duba ta, suka ce in sa ido ko za ta yi amai ko barcin da ya wuce ƙima. Daren nan a zaune na kwana, ina kai yatsa hancinta in ji numfashi. Alhamdu lillahi ba ta samu komai ba.

Da na kira matar, kin san me ta ce? "Ai sai an taka shi da ƙarfi sau biyu, na ɗauka kin gane." Madauran kafaɗar kuma wai ta cire ne za ta wanke suka ɓace. Ke nan ta sani. Uwa ce kamar ni, ta ga cikina a gaba ranar da na je, ta miƙo min abin da ta san ba ya tsayawa, ko uffan ba ta ce ba. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Na yi ta ƙoƙarin in yafe, amma duk sanda na ga irin keken a hanya sai raina ya sake ɓaci.

Ban ce kada ki sayi na hannu ba, akwai masu kyau. Amma ki taka birkin, ki tura keken da ƙarfinki, ki tabbata duka tayoyin baya sun tsaya cak. Ki ƙirga madauri: wuri 5 yake riƙewa, kafaɗu biyu, ƙugu biyu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Ki nemo takardar da ke manne a jikin ƙarfen, za ki ga lambar samfuri da ranar ƙira, da alamar cika ƙa'idar inganci, wato EN 1888 idan na Turai ne ko ASTM F833 idan na Amurka ne. Ki sa lambar samfurin a intanet ki ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Ana yi, a 2009 kamfanin Maclaren ya janye kusan keke miliyan 1 a Amurka saboda gaɓar ninkewa tana datse yatsun yara. Shi ya sa ba na bari yaro ya tsaya kusa in ina ninke nawa.

Batun ƙarami ko babba kuwa, sabon haihuwa dole ya kwanta flat a bayansa, sai ya kai wajen wata 6, wuyansa ya yi ƙwari yana iya zama. Yawancin ƙananan nan masu ninkewa kamar laima ba sa kwantawa sosai. Idan kika sa jariri a kishingiɗe, kansa na faɗowa gaba, haɓarsa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Haka kujerar mota da ake ɗorawa a kan keken, ba wurin dogon barci ba ce, ana ba da shawarar kada ya wuce awa 2 a ciki a jere. Ƙaramin keken ki bari sai jaririn ya girma, lokacin za ki ji daɗinsa.

Kuma don Allah kada ki rataya jaka a mariƙin. Na sha ganin keke ya ɗaga baya saboda haka. Ki sa kaya a kwandon ƙasa. Kada ki lulluɓe shi da mayafi wai don rana, zafi ne ke taruwa a ciki kuma ba kya ganin fuskarsa. Rumfar ta isa.

Wanda nake da shi yanzu ba shi da wani kyau, amma tayoyinsa manya ne, ba ya maƙalewa a rami, na gaban kuma ana iya kulle su idan hanya ba ta da kyau. Kafin in saya sai da na auna faɗin ƙofarmu da but ɗin mota, na ninke shi da hannu ɗaya, na ɗaga shi na ji nauyinsa, don bayan haihuwa bayanki ba zai so ɗaukar kaya ba. Ki duba nauyin da yake ɗauka ma, da yawa kilo 15 ne, wasu 22. Nawa yana da igiya a mariƙi da ake zura hannu, tun ranar nan ban taɓa tura keke ba tare da ita a wuyan hannuna ba, ko da a cikin gida ne.

Idan kin je wurin matar, ki ɗauko hoton birkin da madauran da takardar jikin ƙarfen ki turo nan mu duba tare kafin ki ba ta amsa. Allah ya sauke ki lafiya.