Layin abinci a Bronx ba bara ba ne, Kawu

Kawu, kun ce an nuna muku hoton mutanenmu a layi suna karɓar kayan abinci lokacin korona, har kuka tambaya ko a Amurkar ma bara muke yi. Bari in warware muku.

A nan Bronx, wani yanki na birnin New York, kusan kowace unguwa tana da ofishin taimakon jama'a mai zaman kansa. Su ke cike wa mutum takarda, su koya wa sabon zuwa Turanci, su shiga tsakaninsa da mai gida idan kuɗin haya ya gagara. Kuɗinsu daga gwamnati ne da masu hannu da shuni, wato har da harajin da ake yanka a guminmu. Amma Bahaushe da kunya! Kafin annoba, magidanci ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a ƙofar ofishin nan, labari ya isa Zongo ko Damagaram kafin magariba.

Da aka rufe jihar New York ranar 22 ga Maris 2020, aikin tasi ya kusa tsayawa cak, matanmu masu kitso suka kulle shaguna. Dala 1,200 da gwamnati ta raba kuwa ba ta kai ga marasa takardun zama ba, kuma muna da su da yawa. Ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, masallatai a rufe, babu buɗa-bakin da gwauraye ke dogara da shi.

Wata ma'aikaciyar ofishin unguwarmu, ba ma Musulma ba ce, ita ta lura layi ya cika amma namu ƙalilan ne. Ta nemi liman a waya. Shi ya ce mata mutanen nan ba za su fito ba, sai dai a bi su. Direbobinmu da ke zaune ba aiki suka riƙa ɗaukar shinkafa, mai da albasa, su ajiye a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa su wuce. Ba wanda ya tambayi sunan wani. Waɗanda kuka gani a hoton, galibi ma na maƙwabta suke karɓowa, tsofaffi da masu jego.

Inda ofishin ya kasa shi ne mutuwa. Bronx ta fi kowane yanki na birnin rasa mutane idan aka auna da yawan jama'arta. Wannan kuwa namu ne: kuɗin ƙungiya da muke zubawa duk wata don kai gawa gida. Jirage sun daina tashi, sai muka juya kuɗin zuwa sayen kabari a New Jersey. Taimama aka yi wa wasu maimakon wanka, mutum kaɗan suka sallace su, sauranmu muna kallo ta waya. Abokin zamana na nan kwance a can. Har yau mahaifiyarsa takan kira ni ta tambaya ko an fuskantar da shi alƙibla daidai.