Hajiya, ga abin da na gani game da yara da tambayoyin gado a SVT

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya na ga tambayarki, kin ce yaronki yana Terminale D, ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, yana haddace darasi tas amma da an kawo tambayar gado, jenetik ɗin nan, sai ya dawo da 6 ko 7 bisa 20, ga bak, jarrabawar kammala sakandare, ta ƙarato. To ni na daɗe ina yi wa yara repetisyon, wato ƙarin darasi, na SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, a nan Garwa kuma wallahi irin ɗanki su suka fi yawa a hannuna, ba rashin kai ba ne, haddar ce ya dogara da ita, shi kuwa wannan fanni sai an zauna an yi ta warwarewa da hannu.

Da sikila nake fara musu tunda ba wanda bai san gidan da take ba. Uba AS, uwa AS. Kowane yaro zai zana akwatin nan mai gida huɗu da ake haɗa haruffan uba da na uwa a ciki, ya fitar da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya, a nan kowa gwani ne. Sai mai tambaya ya murɗa ya ce sun haifi uku lafiya lau, na huɗu fa? Da yawa sai su rubuta wai dole SS ne tunda shi ya rage. Ina! 1/4 ne dai, kowane ciki da nasa rabon, ba ruwansa da na baya. Wadda ta fi kayar da mutane ita ce a ce ga 'yarsu lafiyarta ƙalau, mene ne yiwuwar tana ɗauke da S? Sai a yi wuf a ce 1/2. Alhali an riga an gaya maka ba ta ciwo, ke nan gidan SS ya fita, saura uku, biyu a ciki AS, amsa 2/3. Ni kaina ita ta kayar da ni a jarrabawar gwaji, har na je da takardata ina musu da malaminmu, ya bar ni na gama zuba sannan ya ɗora yatsa kan gidan SS ya ce to ƙirga. Ban ƙara cewa uffan ba.

Ki samo kwano biyu, ɗaya uba ɗaya uwa, kowanne ki zuba farin wake goma da jan wake goma, fari A ja S. Ya rufe ido ya ciro ɗaya nan ɗaya can, ya rubuta, ya mayar, mayarwar nan kar a manta da ita, ya yi haka sau 40. Akwai yaron da ya ciro ja da ja sau uku a jere ya ce Malam waken nan an yi masa asiri, muka yi ta dariya, amma da ya kai ƙarshe ya ga SS ɗin sun tsaya kusa da goma sai ya yi shiru. Daga ranar bai sake ce min “saura shi” ba.

Sai zanen dangi, mai murabba'i namiji da'ira mace. Kar ya fara rubuta komai sai ya nemo iyaye biyu masu lafiya da suka haifi mai ciwo, in ya samu to ciwon ɓoyayye ne, récessif. Bayan nan ne zai duba maganar X, wato kromozom ɗin jinsi, mace XX namiji XY, ya nemi 'ya mace mai ciwo wadda ubanta lafiya lau, in akwai ta to ba a kan X yake ba, don 'ya mace dole ta karɓi X na ubanta, ɗa namiji kuwa Y kawai yake karɓa a wajensa. Tunda X ɗaya tak namiji yake da shi, shi ya sa cututtukan da ke kan X irin su hémophilie, ciwon da jini ba ya saurin tsayawa, da rashin bambance ja da kore suka fi kama maza. Yara suna ganin maza uku masu ciwo a zane sai su yanke hukunci X ne, wannan zato ne kawai, mai gyara hujja yake nema ya ba da maki.

Faransancin tambayar ma yana cin yara. Analyser ka faɗi abin da ka gani a takarda da lambobinsa, interpréter ka faɗi dalilin da ya sa haka. Yaro sai ya juye duk darasin da ya haddace, shafi biyu, a ba shi rabin maki ya ce an zalunce shi.

Ki nema masa tsofaffin takardun bak, kullum tambaya ɗaya bayan magariba, in ya gama ya yi miki bayani da Hausa ko Fulatanci ko da ba ki san kan abin ba, inda ya fara inda-inda to nan ne bai gane ba. Ki ɗauko hoton takardarsa ta ƙarshe mai 6 ɗin nan ki saka mana, har da jan biron malamin, in Allah ya yarda da dare zan duba.