Amsa: Takardun mota kafin tsallaka iyakoki

Ɗan'uwa, ka tambaya da me za ka fara shirin tafiyar mota da za ta ratsa ƙasashe da dama. A ganina takardu ne farko, hanya daga baya. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa akwai na yarjejeniyar 1949 da na 1968, kuma ba kowace ƙasa ke karɓar duka biyun ba, saboda haka ka bincika tun da wuri. Wasu hukumomin kwastan sukan nemi Carnet de Passages, takardar da ke lamunce cewa motar za ta fita daga ƙasar. Kada ka bar bakin iyaka sai ka ga an buga wa wannan takardar hatimin fita, domin rashinsa yana iya cinye kuɗin da ka ajiye jingina lokacin karɓar ta.