Sabon samfurin waya ya fito: a saya ko a dakata?

Ɗan'uwa, ka ce wayarka ta shekara biyu a hannu, ta fara nauyi, caji ba ya kai ka yamma, ga shi kamfanin ya fitar da wadda ta gaje ta mai kyamarar 108MP da RAM "8+8", kana son sanin ko ta cancanci kuɗinta. Shawarata, kada ka taɓa aljihu sai ka gano ainihin ciwon tsohuwar.

Fara da batir, don galibi can matsalar take. Batirin lithiyom yana tsufa da yawan caji. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabanta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000. Mai cika waya kullum yakan kai 500 cikin shekara ɗaya da rabi. A iPhone ka duba Battery Health a cikin Settings, a Samsung kuma manhajar Samsung Members tana gwada shi. In ya faɗi ƙasa da 80, canjin batir na asali ya wadatar. Zafi ne ke saurin kashe shi, musamman wasan gem waya na jikin caji.

Nauyin kuwa, duba ma'ajiyar. In ta kusa cika, komai zai riƙa jan ƙafa. Kwashe bidiyoyin WhatsApp, ka bar aƙalla kashi 10 zuwa 15 a sarari, ka yi kwana biyu ka gani.

To, in ka yi wannan kuma har yanzu zuciyarka na kan sabuwar, ajiye talla gefe ka kwatanta firosesa, wato kwakwalwar wayar. Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Sau da yawa sabon samfuri yana zuwa da kwakwalwar bara, an dai sauya masa riga. Ko iPhone 14 ta 2022 da firosesa A15 ta zo, irin na iPhone 13 Pro. In firosesa ɗaya ne, kada ka sa ran wani sauri. Sai nau'in ma'ajiya: UFS ta fi eMMC gudu nesa ba kusa ba, kuma za ka ji bambancin wajen buɗe manhajoji.

Wannan "8+8" ɗin, takwas ɗin farko ne RAM na gaskiya, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki. Na biyun aro ne daga ma'ajiya, ba ya kamo ƙafar na ainihi.

Haka 108MP. Yawancin irin waɗannan kyamarorin suna haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, hoton ya fito a 12MP. Abin da ke gyara hoton dare shi ne girman sensa (ɓangaren kyamara da ke karɓar haske) da OIS, wato na'urar da ke hana hoto rawa in hannu ya motsa. Kyamarar 50MP mai OIS takan doke mai 108MP da ba ta da shi.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne sabunta tsaro, tunda asusun banki da sirrin mutum duk suna cikin waya. Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 an yi musu alkawarin shekara bakwai, ƙananan wayoyi da yawa kuwa ba sa samun ko rabin haka. Shiga About phone ka nemo ranar sabunta tsaro ta ƙarshe. In ta haura shekara kuma kamfanin ya daina turowa, wannan dalili ne mai ƙarfi na canji, ko da wayar lafiyarta ƙalau.

In taka tana samun sabuntawa, canja batir ka tsallake wannan samfurin. Wanda zai biyo bayansa shi ne zai nuna maka bambancin da ido ke gani.